Yadda ɗalibin lauya a Bauchi da Gombe zai karanci dokokin ilimi

Idan ka duba jerin kwasa-kwasan dole na digirin lauya, daga aji ɗaya har aji biyar, ba za ka ga dokar ilimi a ciki ba. Ko a Misau kake, inda tsangayar shari'a ta Jami'ar Sa'adu Zungur take, ko a Jami'ar Jihar Gombe, abin a warwatse yake: wani ɓangare a darasin tsarin mulki, wani a dokar gudanar da hukumomi, wani a dokar ƙwadago, wani a haƙƙin ɗan Adam, har da dokar laifuka. Kai ne za ka tattara su wuri guda. Kada ka bari sai ka je Makarantar Horar da Lauyoyi, a Bagauda ko Yola ko Bwari, domin can aikin kotu da rubuta takardu ake koyarwa, shekarar kuma gajera ce. Aji biyu, lokacin da ake fara tsarin mulki, shi ne daidai lokacin buɗe littafi na musamman don wannan fanni.

Sashe na 18 da abin da ya ɗaure shi

Sayi Kundin Tsarin Mulki na 1999 mai ɗauke da gyare-gyaren baya-bayan nan, ka buɗe Babi na Biyu, wanda ya ƙunshi manufofin da ƙasa ta sa a gaba. Sashe na 18 ya ce gwamnati za ta tabbatar da dama iri ɗaya ga kowa a dukan matakan ilimi, ta kuma samar da firamare kyauta kuma dole, da sakandare da jami'a da yaƙi da jahilci duk kyauta, amma fa idan hali ya yi. Kafin ka yi murna, koma baya zuwa sashe na 6(6)(c), wanda ya cire wa kotuna hurumin bincikar ko gwamnati ta cika abin da ke Babi na Biyu. Ɗalibai da yawa nan suke tsayawa su rubuta cewa babu haƙƙin ilimi da za a iya kai ƙara a kansa a Najeriya. Wannan amsa rabin maki take samu, domin an daɗe da wuce wurin.

Bi shari'o'in a jere. A shari'ar Okogie da Babban Lauyan Jihar Legas ta 1981, gwamnatin Legas ta so rufe makarantun firamare masu zaman kansu da sunan aiwatar da sashe na 18. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda cewa ba a kai ƙara da Babi na Biyu, amma ta ce gwamnati ba za ta fake da shi ta take 'yancin da ke Babi na Huɗu, babin haƙƙoƙin ɗan Adam, ba, kuma buɗe makaranta yana cikin 'yancin yaɗa ilimi da ra'ayi. A 2002, a shari'ar Jihar Ondo da Gwamnatin Tarayya kan dokar ICPC, Kotun Ƙoli ta nuna cewa Majalisar Tarayya tana iya ɗaukar wani abu daga Babi na Biyu ta mayar da shi doka mai haƙora, bisa abu na 60(a) na jerin ikon tarayya. A kan wannan tubali Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta tsaya a 2017, a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ta ce Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko na bai-ɗaya, ta mayar da firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙin da za a iya nema a kotu. Akwai kuma ƙarar da ƙungiyar SERAP ta kai gwamnatin Najeriya Kotun ECOWAS, wadda ta yanke a 2009 cewa tana da hurumi, sannan ta yi hukunci a 2010, tana dogara da sashe na 17 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983.

Inda ake zamewa shi ne wajen auna nauyin waɗannan hukunce-hukunce. Na LEDAP hukuncin babbar kotu ne, bai ɗaure Kotun Ɗaukaka Ƙara ba, kuma shekara tara na farko kawai ya shafa. Wanda ya ɗauke shi ya nemi jami'a kyauta da shi zai sha ƙasa. Kotun ECOWAS kuwa ba ta cikin tsanin kotunan Najeriya, kuma aiwatar da hukuncinta ya rataya ga hukumomin ƙasar da aka yi wa hukuncin.

Wani tarkon kuma lambobi ne. Tsofaffin shari'o'i da Kundin 1979 aka yi su. Sashe na 33 da za ka gani a cikinsu, na 'yancin a saurari mutum kafin a hukunta shi, shi ne na 36 a yau. Na 36 ɗinsu kuma, na faɗin albarkacin baki, shi ne na 39 yanzu. Rubuta wannan a bangon littafinka, don mai kwafo lamba daga tsohon hukunci kai tsaye yakan kawo sashen da bai shafi maganar ba.

Wa ke da ikon yin dokar?

Wannan ce tambayar farko a kowace matsala, kuma amsarta tana cikin jadawalin da ke bayan Kundin, wanda ba kowa ke buɗewa ba. A Jadawali na Biyu, abu na 60(e) ya ba tarayya ita kaɗai ikon tsayar da mafi ƙarancin ma'aunin ilimi a kowane mataki. Dokar 1985 ta ma'aunin ilimi da kafa makarantu ita ce ke raba wannan aiki, shi ya sa NUC ke tantance kwasa-kwasan jami'ar jiha ko da gwamna ne ya gina ta, NBTE ke duba kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE kuma kwalejojin ilimi. Abu na 27 zuwa 30 na jerin haɗin gwiwa, wato abubuwan da tarayya da jiha ke raba iko a kansu, sun ba tarayya da jiha damar kafa manyan makarantu, sun kuma bar wa majalisar jiha ikon yin doka kan firamare da sakandare da koyon sana'a. Jadawali na Huɗu ya sa ƙananan hukumomi cikin samar da firamare da ilimin manya.

Ma'anar wannan ita ce rabin abin da kake nema dokar jiha ce, ita ce kuma mai wuyar samu. Dokokin tarayya suna nan a intanet, na jiha kuwa sai an taka. Je laburaren Ma'aikatar Shari'a ko na Majalisar Dokoki da takardar gabatarwa daga shugaban sashenku, ka nemi dokar da ta kafa SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da dokar ilimi ta jiha, da dokar kare yara, da dokar da ta kafa jami'arku. Nemi kwafin gazet mai lamba da kwanan wata, kada ka karɓi daftarin ƙuduri, domin abin da aka gabatar a majalisa da abin da gwamna ya sa wa hannu sukan bambanta. Ɗalibin Gombe ya tuna cewa a 1996 aka cire jiharsa daga Bauchi, ita ma Bauchi a 1976 ta fito daga Jihar Arewa maso Gabas, don haka akwai dokokin da aka gada. Kafin ka kafa hujja da tsohuwar doka, tabbatar ba a soke ta ba.

Dokar UBE: karanta ta sashe-sashe

Gajeruwar doka ce, zama ɗaya ya isa, amma ana yawan ambatonta ba tare da an karanta ba. Sashe na 1 ya ce abin da tarayya ke yi tallafi ne kawai ga jihohi da ƙananan hukumomi. Sashe na 2 ya ɗora wa kowace gwamnati samar da ilimin, ya ɗora wa iyaye kai yara. Uban da ya ƙi, karon farko tsawatarwa ce, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu, kuma ana iya haɗa tarar da ɗaurin. Sashe na 3 ya hana karɓar kuɗi a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati, wanda ya karɓa tararsa ba ta wuce naira 10,000, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Sashe na 15, na fassarar kalmomi, shi ne mai daɗin karatu: abubuwan da ya ce kyauta ne sun haɗa da littattafai da kujeru da abincin rana, kuma ya ambaci almajirai da makiyaya da 'ya'ya mata da masu buƙata ta musamman da sunansu.

Gwada dokar a kan misali. A ce wata uwa a Dukku ta zo ta ce an koro 'yarta daga aji biyu na ƙaramar sakandare saboda naira 1,500 na kuɗin jarrabawa. Kada ka fara da kotu. Tambaye ta makarantar ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, don sashe na 3 bai shafi ta kuɗi ba. Tambaye ta wa ya sa kuɗin: firinsifal ne, ko ƙungiyar iyaye da malamai ce ta amince a taro? Akwai rasit? Wa ya sa masa hannu? Daga nan ka duba ko dokar jiha ta maimaita haramcin, ka rubuta wasiƙa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi ga SUBEB ko ma'aikatar ilimi, duk wadda makarantar ke ƙarƙashinta. Abin da uwar ke so shi ne yarinya ta koma aji ranar Litinin, shari'a kuwa tana iya cin zangon karatu gaba ɗaya. A jarrabawa ma, amsar da ta bi wannan tsari ta fi wadda ta zube sassa goma ba tare da ta ce wanne ya hau kan matsalar ba.

Manufa daban, doka daban

Kundin manufar ilimi ta ƙasa ya fara fitowa a 1977, bayan babban taron manhaja na 1969, an kuma sabunta shi sau da dama, har da 1981 da 1998 da 2004 da 2013. Daga cikinsa tsarin 6-3-3-4 ya fito, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Amma majalisa ba ta zartar da shi ba, saboda haka ba ka kai ƙara da shi shi kaɗai. Haka shawarwarin Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda minista ke zama da kwamishinoni, haka jawabin minista, haka takardar umarni da babban sakatare ke aika wa makarantu.

Rikicin shekarun shiga jami'a misali ne mai kyau. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, wanda ya taɓa shugabantar Makarantar Horar da Lauyoyi, ya ce sai mai shekara 18. Aka yi ca a kai, kafin shekarar ta ƙare wanda ya gaje shi ya tsayar da 16. Babu sashen doka ko ɗaya da aka gyara a tsakani. Don haka duk takardar umarni da ta zo hannunka, yi mata tambaya ɗaya: wane sashe na wace doka ya ba mai sa hannun ikon yin wannan? Idan akwai, duba ko ya wuce iyakar ikon. Idan babu, ka sami bakin zaren ƙalubalantarta.

Korar ɗalibi da riƙe sakamako

Nan ne aikin lauya ya fi yawa a wannan fanni, nan ne kuma ya kamata ka fi daɗewa. Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986, ita ce uwa. An yi tarzomar ɗalibai a 1983, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna, jami'a ta kafa kwamitin bincike ta kori ɗalibai. Kotu ta soke korar. Mataimakin shugaban jami'a da ya jagoranci kwamitin yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, ka ga ya zama alƙali a shari'arsa. Sannan abin da aka tuhumi ɗaliban da shi manyan laifuka ne, waɗanda kotu ce kaɗai ke da hurumin tabbatar da su. Karanta hukuncin gaba ɗaya, kada ka tsaya a taƙaitawar da ke shafin farko na rahoton, domin ita edita ne ya rubuta, ba alƙali ba.

Sai ka karanta waɗanda suka rage masa faɗi. A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba ta 2004, Kotun Ƙoli ta yarda jami'a ta dakatar da ɗalibi kafin a kammala bincike, domin dakatarwa ba hukuncin ƙarshe ba ce. A shari'ar Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ta 2005, kotu ta ce ba da digiri da auna cancanta lamarin cikin gida ne na jami'a. A 2014 kuma, a shari'ar Jami'ar Ilorin da Adesina, ta nuna cewa wannan kariya ba ta rufe jami'ar da ta riƙe sakamakon ɗalibar da ta gama karatu ba tare da dalilin karatu ba. Iya tsayar da iyaka tsakanin waɗannan huɗun shi ne abin da malami ke nema a takardarka.

Idan aka miƙa maka wasiƙar kora, ga abin da za ka duba a cikinta da bayanta: an ba ɗalibin tuhumar a rubuce? Kwana nawa aka ba shi ya shirya? Ya ji shaidun da aka kawo a kansa, ya yi musu tambayoyi? Su wa suka zauna a kwamitin? Wanda ya sa hannu, dokar makarantar ta ba shi ikon kora? Ɗalibin ya ɗaukaka kukansa zuwa majalisar gudanarwa kamar yadda dokar ta tsara? Da yawa ana faɗuwa a wannan ta ƙarshe, kotu ta ce ba a gama bin hanyoyin cikin gida ba.

Zaɓen kotu ma yana kayar da ƙara tun ba a shiga cikinta ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi da Jami'ar Tarayya ta Kashere hukumomin tarayya ne, ƙalubalantar matakin gudanarwarsu a Babbar Kotun Tarayya ake yi, bisa sashe na 251. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare ko Jami'ar Jihar Gombe na jiha ne, sai Babbar Kotun Jiha. Idan kuwa malami ko ma'aikaci ne aka sallama, ko makarantar ta wace ce, sashe na 254C ya kai maganar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, can kuma za ka buƙaci shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, kan aikin da doka ta tsara yadda ake raba mutum da shi. Lissafa kwanaki tun ranar farko: dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara, kuma dokokin makarantu da yawa sun ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Kan ko wata ukun nan ya shafi rikicin aiki, hukunce-hukunce sun saɓa wa juna, saboda haka mai hankali yakan shigar cikin lokaci ya huta da gardama.

Addini, bulala da kuɗi

A yankunan da aji ɗaya ke haɗa Musulmi da Kirista, kamar yadda ake gani a Tafawa Ɓalewa da Ɓilliri da Kaltungo, sashe na 38(2) abin haddacewa ne: ba a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Haɗa shi da hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022, wanda ya tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, alƙalai biyar suka rinjayi biyu. Karanta har da ra'ayin biyun.

Kan bulala, sashe na 55 na tsohon kundin laifuka na Arewa ya ba malami kariya idan ya hori yaron da aka damƙa masa, muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Ajiye shi gefe da dokar kare yara ta jiharka da umarnin ma'aikata, ka ga inda suka yi karo.

Kuɗi kuwa, lambobi kaɗan ne za ka riƙe. Sashe na 11 na Dokar UBE ya ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya, jiha kuma ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye rabin kuɗin aikin daga aljihunta, dalilin da ya sa kuɗi ke kwana a UBEC, hukumar tarayya mai riƙe da asusun, ga azuzuwa babu rufi. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, bisa dokar 2011, tana raba nata kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya taɓa albashin malaman firamare, wanda daga rabon ƙananan hukumomin ake cire shi. Ka kuma guji maganar nan da ta zama ruwan dare, wai UNESCO ta wajabta kashi 26 cikin 100 na kasafi. Ma'aunin da aka amince da shi a taron Incheon na 2015 kashi 15 zuwa 20 ne na kuɗin da gwamnati ke kashewa, shi ma shawara ce.

Idan za ka yi furojet a kai

Ƙuntata batun. "Haƙƙin ilimi a Najeriya" an rubuta shi har an gaji, kuma shafi sittin ba zai ɗauke shi ba. Ɗauki abu guda a wuri guda: yadda ake aiki da sashe na 2 na Dokar UBE a kotunan majistare na Azare, ko matsayin makarantun tsangaya bayan dokar 2023 da ta kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, ko yadda dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 na aiki ta shafi malaman jiha. Ga kowace shari'a, ware shafi guda: kotu da shekara, abin da ya faru, tambayar da kotu ta amsa, dalilin hukuncin, da ko wata kotu ta sama ta taɓa shi daga baya. Wannan layi na ƙarshe shi ake mantawa, kuma rumbun hukunce-hukunce na LawPavilion ko rahoton shari'o'i na NWLR da ke laburare zai nuna maka.

Alƙaluma daga tushe za ka ɗauko su, daga rahoton UBEC ko ƙidayar makarantu ta ma'aikatar ilimi, tare da shekararsu, ba daga Facebook ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, saboda haka kai wasiƙarka kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ka riƙe. Idan binciken zai kai ka ga yara, nemi izinin iyaye ko alaramma tukuna, ka gabatar da kanka wurin mai unguwa, kuma kada sunan yaro ko hotonsa ya shiga cikin rubutun.